Fallayen Kakanki

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ɗiyata Ummi,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ina roƙon Allah ya sa wagga takarda ta same ki kin sauka Sakkwato lafiya, mota ba ta jijjiga ki ba, kin tarar da mutanen gidan kawunki ƙalau. Ki gaishe mani da su da kyau. Innarki ta ce in gaya maki kada ki bar kwalbar yaji a buɗe. Na ce mata takardata ba ta yaji ba ce, amma ga shi dai na faɗa.

A shago nake rubutun nan, bayan la'asar, bisa teburin yanka. Na rufe keken ɗinki, na ture rigunan mutane gefe. Kwana uku ke nan kina gaishe ni ido a ƙasa, ki ce "Ina kwana, Baba," ki wuce kamar mai gaida baƙo. Na san dalili. Ranar Talata kin roƙe ni in ba ki gafakar kakanki, jakar fatar nan mai takardunshi, ki tafi da ita makaranta, ni kuwa na daka maki tsawa gaban Innarki. Gobe da safe za ki hau mota, kuma bakina bai iya ba da haƙuri ba, tun can haka Allah ya yi ni. To bari hannu ya yi abin da baki ya kasa. Ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke mani hukunci.

Kin tuna ranar nan ta bazara da kike zaune gindin dogon yaro da kwamfutarki bisa cinya? Kina haɗa wa Islamiyyar unguwarmu shafin intanet, kin jera sunayen ɗalibai bisa inda kowa ya kai a karatu, wanda ya fi nisa a sama. Ni ina kishingiɗe a tabarma, barci na ɗauka na yana saki na. Sai na ji kin ce, "Innalillahi!" Na zabura na ce, "Mi ya faru?" Kinka ce, "Baba, jerina ya hargitse."

Kinka zauna kinka yi mani bayani, kuma wallahi kin iya bayani, ba ki gado ni ba. Kin ce a cikin rubutun da ake yi wa na'ura akwai jeri, wato abubuwa a layi, kowane da gurbinshi. Akwai kuma wani ɗan guntun umarni da kuke ce wa fankishin, wanda ake miƙa wa abu ya yi aiki a kai ya ba da amsa. Ke kin rubuta wani don ya nuna wa malamai sunayen bisa haruffa, daga A zuwa ƙasa, don su riƙa gano yaro da sauri. Ya yi aikinshi tsaf. Sai dai da kinka koma ga jerinki na asali, kin tarar shi ma ya koma bisa haruffa. Mai izu biyu ta hau saman mai izu arba'in, don kawai sunanta A'isha.

Na ce, "To ke ba kallo kawai kinka ba shi ba?" Kinka yi dariya kinka ce, "A harshen da nake rubutu da shi, Baba, in na miƙa jeri ba a yi mashi wani sabo. Nuna mashi ake yi inda nawa yake ajiye, ya shiga ya taɓa da hannunshi. In ina son nawa ya tsira, sai in fara yin kwafi in miƙa kwafin." Kin ƙara da cewa akwai wani harshen da shi kwafi yake bayarwa da kanshi, sai fa in mai rubutu ya sa wata 'yar alama gaban sunan, kinka zana mani ita a ƙasa da tsinke, ta yi kama da ƙullin igiyar ɗaure akuya. Kin ce wannan alamar tana nufin, na yarda, ga ainihin abin, taɓa. Kafin a kira magariba kin gyara jerinki daga wanda kinka adana tun da fari, kinka tashi kina waƙe-waƙenki. Ni kuwa na kasa tashi daga tabarmar. Ba ki sani ba, a cikin mintoci kaɗan kin faɗa mani labarin da na yi shekara talatin da biyar ina ɓoyo.

Kakanki bafatake ne. Kafin motoci su yawaita, shi da abokanshi suna kora jakuna daga Illela su tsallaka Ƙonni su nausa arewa, su kai hatsi da tufafi su komo da gishiri da kanwa. Ba malami ba ne, amma ya iya ajami daidai gwargwado, kuma yana da wata ɗabi'a. Kowane zango ya sauka, sai ya ba shi falle guda na takarda. Ya rubuta sunan da fatake sunka laƙaba wa wurin, da ɗanɗanon ruwan rijiyarshi, da wanda za ka fara gaisarwa in ka isa. A ƙasa kuma ya rubuta yadda ake barin wurin: ka bar hantsi a kafaɗarka ta dama, tafiyar yini da rabi. Bai taɓa rubuta sunan zangon gaba ba. Mi zai sa ya rubuta? Fallen da ke ƙasa shi ne zangon gaba. Falle arba'in da ɗaya ne, ba ɗinki, ba lamba, suna kwance bisa juna cikin gafaka yadda hanya take kwance.

Ina yaro yakan zaunar da ni da hantsi ya ɗauko su ɗaya bayan ɗaya. Rijiyar Makauniya, ruwanta da sanyi amma da ɗan gafi. Kuka Biyu, inda iska ke kuka kamar ana kiran sunanka. Tudun Farar Ƙasa. Zangon Buzuwa, wadda ba ta bari baƙo ya sauke kaya sai ya sha nono. Ban taɓa zuwa ko ɗaya ba, Ummi, amma na san su fiye da yadda na san Gidan Katta da ke nan kusa. Har yau in zafi ya yi da rana, ƙafata na kan keke, sai ƙarar keken ta koma takun jakuna, in ga farin rairayi ya buɗe a bayan ƙofar shago, in ji warin salkar ruwa da fata. Sau da yawa na farka na tarar na ɗinke hannun riga da wuya.

Da kakanki ya rasu gafakar ta faɗo hannuna, ina ɗan shekara ashirin da biyar, kaina cike da iska. Ina da aboki a Ƙonni, Hamidu, malamin lakwal, wato makarantar bokon can. Mutum ne mai tsari, ko takalmanshi a jere yake ajiye su. Na yi sha'awar a fitar mani da sunayen zangunan cikin rubutun boko a takarda guda, don 'ya'yan da zan haifa su iya karantawa. Abin da nake so ke nan, ba ƙari. Na ɗauki gafakar sukutum na kai mashi ranar kasuwa, na ce, "Fitar mani da sunayen nan." Ban ce mashi komai game da jerin ba. Ban ma san akwai abin faɗa ba.

Bayan mako biyu ya zo shago da fara'a, ya miƙo mani takardar sunaye, rubutu kamar na inji. Sannan ya ajiye gafakar ya ce, "Abokina, na ƙara maka da wani alheri. Na tarar da takardun tsohonka a hargitse, na jera maka su bisa haruffa, alif, ba, ta. Har lamba na sa wa kowane a kusurwa don kada su sake ɓacewa."

Na buɗe. Falle na farko ya ce ka bar hantsi a dama ka yi yini da rabi. Na ɗaga, sai ga wani zango da na san kakanki yakan ambata can kusa da ƙarshen tafiya. Ko falle ɗaya bai ɓata ba, ko harafi ɗaya Hamidu bai goge ba, amma hanyar ta tafi. Na zage shi zagin da har yau nake jin kunyarshi. Ya tsaya yana kallona baki buɗe, ya ce, "Ai ba ka ce kada in taɓa ba." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mani zafi. Shekara huɗu ban taka Ƙonni ba saboda wannan maganar.

To ga abin da nake so ki riƙe daga nan. Yawancin wanda zai ɓata maki abu ba mugu ba ne, mai son ya taimake ki ne. Kafin ki miƙa wa kowa komai, ko mutum ko wancan fankishin naku, ki tsaya ki tambayi kanki: amsa kawai nake so, ko kuwa na yarda a taɓa abin? In amsa kike so, ki yi kwafi, ko da kina sauri, ko da mutumin amininki ne. Kuma ki buɗe baki ki faɗi abin da ba a taɓawa, kada ki ce ai kowa ya sani. Ke ma in anka miƙo maki abin wani a wurin aiki, kada ki gyara abin da ba a ce ki gyara ba. Abin da kike gani a hargitse, wataƙila wani tsari ne da ba ki san kanshi ba. Ni tela ne, yadin mutum nake karɓa kullum, kuma tun daga ranar nan ban ƙara sa almakashi ba sai na sake tambaya.

Da a nan wautata ta tsaya da da sauƙi. Ta biyu ta fi ta farko, kuma ita ce ban taɓa gaya wa kowa ba, har Innarki.

Bayan abin Hamidu na zama wani iri. Na naɗe gafakar cikin zane, na sa a akwatin ƙarfe, na kulle, na rataya mabuɗin a wuya. Ko ƙanena ya ce a nuna mashi, sai in ce ba yau ba. Kakanki yana da ƙanwa a ƙauyen Garu, Gwaggo Saratu, 'yar tsohuwa mai kaifin baki, ba ta taɓa shiga makaranta ba, ko alif ba ta sani ba. Wata rana na je gaishe ta, maganar ta suɓuce mani, na gaya mata abin da ya faru. Ta ajiye auduga da mazarin da take kaɗi da shi, ta dube ni ta ce, "Kai dai sakarai ne tun kana goye. Kawo mani su."

Na ce, "Gwaggo, ke da ba ki karatu?"

Ta ce, "Mi ruwana da karatu? Duk sanda yayana ya komo daga fatauci ni ke shanya mashi su a rana saboda gara, ni ke kwashe su. Na san mai ɗigon mai, na san wanda ɓera ya ci wa kunne, na san wanda ke bin wane. Hannuna ya san su. Kawo."

Ummi, kin san abin da na yi? Na koma gida na ce a raina, an cuce ni sau ɗaya, ba a ƙarawa. Tsohuwa ce, hannunta na rawa, ga jikoki, ga awaki a tsakar gida. Sai na zauna wata guda cur ina kwafe fallayen da hannuna a sabuwar takarda, falle bayan falle, ina jin kaina mai wayo. Na kai mata. Ta karɓa ta shafa, ta juya, ta kai hanci ta shinshina. Sannan ta miƙo mani abina ta ce, "Waɗannan ban san su ba. Ina na yayana?" Na ce zan kawo bayan girbi. Bayan girbi na ce bayan salla. Ta aiko mani sau biyu, na biyun ma cewa ta yi a gaya mani idonta ya fara hazo. Ina nan ina juya mabuɗi a wuya har ranar da anka zo shago anka ce mani Gwaggo ta cika.

Na yi kuka a jana'izar nan har mutane na cewa ashe haka yake son gwaggonshi. Ina son ta, amma ba shi kaɗai ne ke sa ni kuka ba. Mutum ɗaya ya rage a duniya da zai iya mayar da hanyar nan yadda take, ta miƙo hannu, na ba ta kwafi.

Shi ya sa da kinka zana mani 'yar alamar nan a ƙasa, mai kama da ƙullin igiya, na daɗe ina kallonta bayan kin tashi, har kaji sunka bi ta kai sunka share. Ashe waɗanda sunka ƙirƙiro harshen nan sun san abin da ni ban sani ba. Sun san akwai aikin da ba ya yiwuwa a kan kwafi. In gyara kike so na gaske, dole ki miƙa ainihin abin, ki ɗauke hannunki, ki jure faɗuwar gaba. Don haka kada tsoro ya maishe ki irina. In kin rubuta abu ya ƙi tafiya, ki kai wa malaminki shi yadda yake, da kurakuranshi, kada ki share ki kai mai kyau don gudun kunya. In abu ya dame ki, ki gaya wa Innarki ainihinshi, ba wanda kinka wanke kinka goge ba. Ki zaɓi wanda za ki yarda da shi a hankali, da ido biyu. Amma in kin zaɓa, ki ba shi da gaske, kuma ki ba shi tun yana nan.

Yanzu mu zo ga Talata. Da ƙaramar salla kin matsa mani har na buɗe akwatin na nuna maki falle uku, ina tsaye a kanki kamar mai gadi. Ni shekara da shekaru rubutun nake kallo. Ke kuwa kinka ɗaga su ga hasken ƙofa kinka ce, "Baba, wannan tabon fa?" Na ce tabon ruwa ne, kakanki ya ce salka ta taɓa tsiyaya a kan gafakar a hanyar komowa. Kinka ɗora ɗaya bisa ɗaya, kinka ce, "Ruwan daga sama ya shiga. A wannan tabon ya fi faɗi, a wannan ya ragu, a wannan saura kaɗan. In na auna shi a duka arba'in da ɗaya, daga babba zuwa ƙarami, ai jerin ke nan." Na karɓe na kulle na fita.

Ranar Talata kinka ce hoton waya ba zai yi ba, tabon ya dushe a wasu, sai an ɗora kowane falle bisa gilashi mai fitila a ƙasa, kuma akwai irinshi a makarantarku. Kinka ce in ba ki su zuwa hutu. Abin da na ji a kunnena muryar Hamidu ce, shi ya sa na yi tsawa. Sai da na kwana biyu ina juyi a kan keke sannan na gane ba muryarshi ba ce. Wata ce ta ce mani "Kawo" shekara ashirin da biyu da sunka wuce, kuma sunanta na raɗa maki a kunne ranar da anka haife ki, ko da yake kunya ba ta bari in kira ki da shi.

Jiya da azahar barci ya ɗauke ni a shago. Na gan ni ina kora jakuna, na bar Rijiyar Makauniya da hantsi a dama, na yi yini da rabi, na iso Rijiyar Makauniya. Haka mafarkin nan yake yi mani kullum, shekara da shekaru, in bar wuri in iso wurin. Amma jiya akwai wata a gabana da farin mayafi, tana tafe tana duba ƙasa, ba ta waiwayo ba. Na bi ta. Ban ga inda munka isa ba, wani mai karɓar wando ya buga ƙofa, Allah ya shirye shi.

Ki ɗaga atamfar nan shuɗiya da ke ƙasan akwatinki, gafakar na ƙarƙashinta. Innarki ce ta sa da hannunta, ni na ba ta. Duka arba'in da ɗaya ne, ban cire ko ɗaya ba. Kwafin da na yi wa Gwaggo yana nan wurina, shi ya dace da ni. Ki kiyaye su daga laima da gara, kada ki ci abinci kusa da su, na san halinki da man gyaɗa. Lambobin Hamidu kada ki goge, ki bar su, shi ma da zuciya ɗaya ya yi. In kin jera su ya zamana kin yi kuskure, ko wani falle ya yage a hannunki, ki gaya mani kawai. Na yafe tun yanzu. In kuwa Allah ya sa ya yiwu, kada ki aiko mani ta waya. Ki zo da kanki, mu zauna gindin dogon yaro da hantsi, ki ɗauko su ɗaya bayan ɗaya ki karanta mani, in ji mi ke bayan Kuka Biyu kafin in mutu.

Saura magana ɗaya, ita ce mai wuyar. Tun da anka ce kin samu makarantar nan nake lissafin yadda zan yi in tura ki kuma in riƙe ki. Na so a ce akwai dabarar da kinka koya mani, in aika wa Sakkwato kwafi, ta gaske ta zauna nan tana yi mani gardama a kan shayi. Na duba ta ko'ina, babu. Ke ɗaya ce, kuma ke ɗin zan miƙa. Malamai za su taɓa, ƙawaye za su taɓa, gari zai taɓa, ranar da za ki komo ba za ki zama yadda na jera ki ba. Na sani, ina jin tsoro, kuma na yarda. Abin da nake roƙo kawai, salla da gaskiya da kunya ki bar su a gurbinsu na farko, sauran Allah ya sa a gyara maki fiye da yadda na iya.

Allah ya kai ki lafiya ya komo da ke lafiya. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya nisanta ki da masu gyaran da ba a sa su ba. Allah ya buɗa maki karatu, ya sa albarka a hannunki. Allah ya jiƙan kakanki da Gwaggo, ya yafe mani abin da na yi mata. Amin.

Ki yi haƙuri da tsawar Talata, Saratu.

Wassalamu alaikum.

Babanki,
Illela.